Ka Zo Ka Sauko da Burul

At-Bashi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Sagimbek,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Anargul da yara da jikoki, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ke tashi in sanyi ya shigo. Mu nan mun gode Allah. An gama yankan ciyawa, an haƙe dankali, dabbobi sun sauko daga kan tsaunuka. Innata tana nan, ido ya tafi amma baki bai tafi ba. Ka yi mini uzuri da na zaɓi alƙalami na bar waya. Sau uku ina danna lambarka ina kashewa, domin maganar ba ta tsayuwa a bakina.

Ƙanwarka Burul, uwargidana, ba ta da lafiya. Tana ci tana sha, tana kuma yi mini tsiya kamar yadda ta saba, amma ciwon babba ne, kuma da hannuna a ciki. Zan jera maka yadda abin ya faru, ba tare da na rage komai ba.

Shekara huɗu ke nan da ta fara haki in ta ɗauko ruwa, tare da busasshen tari. Ka san akwatin ƙasidun lafiya da na tara a shekaruna na aikin gidan waya. A ciki na sami wata tsohuwar ƙasida a kan tarin fuka, wadda ta ce maganinsa iskar kan dutse da kimiz, wato tsamammen nonon goɗiya. Haka iyayenmu ma suka ce, mai ciwon ƙirji a hau da shi makiyaya ya sha nonon goɗiya. Da na ga takarda da bakin tsofaffi sun haɗu, sai na ɗauka magana ta ƙare, ban nemi a gwada ko tarin fukan ne ba. Bazara uku a jere ina kai ta makiyayar Ak-Sai wurin ɗan baffana Ishenbek, ta yi wata uku can sama. Na tsara mata kimiz kwano biyar a rana, da hawan gangare kowace safiya har zuwa wani farin dutse, ina rubuta adadin takunta a littafi. Takan ce mini Malam Ƙasida, wai ita can sama ji take kamar an ɗora mata buhun gishiri a ƙirji, in kuwa gaggafa nake so in mai da ta, to in fara samo mata fiffike. Ni kuma in ce mata ɗacin magani ba ya hana shansa. Da kumatunta suka yi ja wur, matar Ishenbek ta riƙa zolayata cewa Burul ta koma amarya, in sa ido kada wani makiyayi ya yi gaba da ita. Ranar na rubuta a littafina cewa sauƙi ya samu.

A watan Agustan bana ta yanke jiki ta faɗi tana tatsa. Leɓenta ya yi shuɗi, ƙafafunta sun kumbura har sai da muka farka takalmin da wuƙa. Muka wuce da ita Bishkek.

Likitar da ta duba ta ta ce ba tarin fuka ba ne, ba ta taɓa yinsa ba. Na roƙe ta ta yi mini bayani a hankali don in rubuta daidai. Ta ce iskar kan tsauni ba ta ƙosar da huhu, kuma idan huhu bai ƙoshi ba, hanyoyin jinin da ke cikinsa sai su tsuke. Zuciya sai ta riƙa tura jini da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya, jinin yana dukan bangon jijiya dare da rana. Bangon kuma, don ya kare kansa, sai ya riƙa ƙara zare mai tauri a jikinsa, ya yi kauri, ya daina miƙewa. Kaurin ya ƙara tsuke hanya, tsukewar ta ƙara duka, dukan ya ƙara kauri, har ɓangaren dama na zuciya ya gaji ya buɗe. Ina ta rubutu ban gama fahimta ba, sai Burul ta ce wa likitar, 'yar nan, ai ita ta gane, haka suke yi wa ulu, a jiƙa shi a naɗe a yi ta kirɓa har ya zama shimfiɗa, kuma ba ta taɓa ganin shimfiɗar da ta koma ulu ba. Likitar ta ce kusan haka ne.

Da kaina na miƙa mata littafin. Ta karanta shafi bayan shafi, sannan ta tambaya wa ya tsara wannan hawan gangaren. Kafin in buɗe baki Burul ta ce ita ce mai son hawa, ƙafarta ba ta zama, wannan bawan Allah rubutu kawai ya iya. Yaya, ƙarya ta yi don ta rufa mini asiri. Likitar ta ce asalin ciwon ya daɗe, tunda can sama aka haife ta ta girma, amma bazara ukun nan itace aka ƙara wa wuta.

An ba ta ƙwayoyi, amma an ce babban magani shi ne ta bar tudu. At-Bashi ma ta yi mata bisa. Ƙasa irin taku ta Suzak ake so, inda iska ke da nauyi. Abin da ya riga ya taurara ba zai saki duka ba, sai dai a rage wa zuciya dako. Na tambaya yaushe za ta iya dawowa gida, likitar ta ce in bar wannan lissafin. Ni kuwa ba ni da halin bin ta. Ni kaɗai ne ɗa namiji, kuma Inna ta rantse ba za ta bar gidan da mahaifina ya rasu a ciki ba sai a makara.

Burul ta ƙi tafiya. Ta ce bayan shekara talatin da ɗaya da aure ba za a gan ta da jaka ta nufi gidansu ba, matan kasuwa su ce Toktosun ya sake ta da furfura. Ta ce kuma in ta tafi wa zai yi wa tsohuwa wanka, ko in karanta mata ƙasida ta wanku. Na kawo hujja iri-iri, ta ce ta riga ta gwada bin hujjata. Daga gadonta zuwa ƙofar ɗaki taku goma sha ɗaya ne, yanzu sai ta huta sau biyu.

Kai ne a madadin mahaifinta, ba ta taɓa musa maka ba. Ina roƙonka don Allah ka zo da kanka, ka ce ka yi kewar 'yar'uwarka, za ka kai ta ganin gida. In kai ne ka zo ɗaukarta, babu mai cewa an kore ta. Ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanyar Kazarman, domin an ce bana za ta zuba da wuri. A mashigar dutse, inda hanya ta fi bisa, kada direba ya tsaya, ko don shan shayi. Na tanadi tukunyar iskar numfashi, na kuma rubuta lokutan ƙwayoyinta da manyan baƙaƙe.

Lafiya lau ka damƙa mini ita, ga yadda zan mayar maka. Duk abin da za ka faɗa mini na cancance shi, kuma zan tsaya in ji har ƙarshe. Alfarma ɗaya nake nema, ka faɗe shi a bakin ƙofa inda ba za ta ji ba, domin in ta ji za ta tashi ta kare ni, ba ta kuwa da numfashin yin haka.

Ka gaishe mini da Yaya Anargul, ka ba ta haƙuri a kan nauyin da zan ɗora mata. Ka gaishe da Nurzada da maigidanta, da Temirlan, da duk jikoki. Inna tana sa muku albarka. Burul ba ta aiko da gaisuwa ba, domin ba ta san na rubuta wannan ba.

Ƙaninka mai jiran ƙarar motarka,
Toktosun