Na Musanya Wa Mijina Maganinsa Don Likitocin Soja Su Ga Ciwonsa

Assalamu alaikum Edita, da ku masu bibiyar wannan fili. Ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah kada a sa sunana ko na unguwarmu, ya isa a ce mace ce daga ƙasar Gummi. Kuma ina roƙon duk wanda zai tsine mini ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Na san abin da na yi mummuna ne, ba sai an gaya mini ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin ran mutum ne a hannuna.

Mijina tsohon soja ne, kuma har yau Kofur kowa ke ce masa. Ya yi yaƙin basasa kafin a ɗaura mana aure. A can ne wani abu ya fashe kusa da raminsu, ɓarɓashin ƙarfe ya shige shi a bayan kunnen hagu. Aka ɗinke wurin, ya warke, ya koma bakin aiki. Muka yi aure na bi shi bariki, inda na shiga ajin yaƙi da jahilci har na iya rubutun nan da kuke karantawa. Sai bayan shekaru ciwon ya fito fili. Wata rana yana alwala ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Likitan bariki ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya fara, safe da yamma. Wallahi ƙwayar nan ta karɓe shi. Da aka zo rage sojoji aka sallame shi cikin ayari, takardar sallamarsa ba ta ambaci ciwo ba ko kaɗan. Muka dawo gida, ya samu aikin gadi a sito ɗin taki, yana kuma noma shinkafa a 'yar fadamarsa ta bakin gulbi. Ban da ni da Inna, mahaifiyarsa, da ma'aikatan asibiti, ba wanda ya san yana da wannan lalura, don kun san yadda mutanenmu ke gudun mai farfaɗiya, har yawunsa ake tsoro. Ni ke ajiye ƙwayar, ni ke miƙa masa da ruwa, bai taɓa duba abin da na sa masa a tafin hannu ba.

Da abubuwa suka yi tsanani a ƙasa, asibiti ya daina ba da ƙwayar. Sai an rubuta maka ka aika Gusau a sayo a kemis, wata rana a samu, wata rana a ce ta yanke. Ga ciwon kai da ke kama shi ta gefen tabon har ya kasa buɗe ido. Disfensan garinmu ya ce akwai yiwuwar da sauran ƙarfe a ciki, kuma wannan sai babban likita. Abokansa tsofaffin sojoji, da suka san ciwon kan kawai, suka ce ya nemi haƙƙin nakasa: in kwamitin likitocin soja, wanda su ke ce wa bod, ya yarda yaƙi ne ya jawo ciwon, za a ƙara masa fansho, kuma a riƙa duba shi kyauta a asibitinsu. Ba zan iya ba ku labarin wahalar da muka sha kafin a kira shi ba. Wannan ofishi ya tura mu wancan, wancan ya ce fayil bai iso ba, a kawo hoto, a kawo shaidar wanda kuka yi yaƙi tare, a dawo bayan Salla. Da rana ta zo, ni na raka shi, don ba ya tafiya mai nisa shi kaɗai. Daga Gummi zuwa Anka mota ta kafe a laka har sai da muka sauka maza suka tura, daga Gusau muka sake wata motar zuwa inda bod ɗin ke zama.

Ina daga bakin ƙofa lokacin da aka kira shi. Edita, kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya shiga ya ƙame ya sara musu kamar yana fareti. Babban cikinsu ya tambaye shi ya jiki, ya ce, “Lafiya lau, sa!” Aka ce yaushe rabonka da faɗuwa, ya ce an yi damina biyu. Na yunƙura zan shiga in ce magani ne ya riƙe shi, wani odali, sojan da ke tsaron ƙofa, ya tare ni da hannu ya ce madam ki jira waje. Suka taɓa tabon, suka sa ya miƙa hannuwa ya rufe ido, suka sallame shi. Bayan watanni amsa ta zo: ba a ga nakasar da ta hana shi neman abinci ba. Tun a ranar bod ɗin, a hanyar dawowa, na ce masa, “Maigida, mi ya sa ba ka gaya masu yadda abin ke yi maka ba?” Ya ce, “Mi kike so in ce? Sun tambaye ni, na faɗi gaskiya. In yi raki gaban hafsoshi?”

A layin bod ɗin nan ne na zauna kusa da wani tsohon saje daga wajen Bukkuyum, mai ƙafa ɗaya. Shi an yarda da nasa. Da ya ga ina share hawaye ya ce, “Uwargida, ki yi haƙuri. Likita abin da idonai ya gani shi yake rubutawa. Ni ƙafata ce ta yi mani bayani. Mijinki kau ya shiga tsaye ya fito tsaye.” Bawan Allahn nan bai ce in yi komai ba, kada a ɗora masa laifi. Amma maganarsa ta zauna mini a ƙirji. Muka yi afil, wato roƙon a sake duba shi, sakataren ƙungiyar tsofaffin sojoji ya taimaka, ya kuma gaya mana a fili cewa wannan ce damar ƙarshe, kuma sai da sabuwar shaida daga asibiti cewa ciwon na nan. Ina za mu samu shaida, alhali ƙwaya ta rufe ciwon ruf? Sai a hukunta mutum don yana shan magani yadda aka ce? Da ya yi sakaci da kansa, da tuni an ba shi haƙƙinsa?

Haka na yi ta saƙe-saƙe har shaiɗan ya samu ƙofa. Ranar kasuwa na tsaya wurin mai tallar magani na sayi wata ƙwayar ciwon kai, fara, ƙarama, kusan irin tasa. Na juye ta gaskiyar na ƙulle a tsumma na tura ƙasan adakata, na zuba ta ƙaryar a kwalbarsa. Na gaya wa kaina sau ɗaya kawai nake so ya faɗi, a cikin gida, ina kusa, in kira disfensa ya gani da idonsa ya rubuta, shi ke nan in mayar. Ranar farko da na miƙa masa sai moɗar ta suɓuce mini, ruwa ya zube. Ya ce, “Lafiya?” Na ce santsi ta yi. Ya haɗiye ya ce, “Allah shi yi maki albarka,” kamar yadda ya saba. Cikin 'yan kwanaki ya fara canzawa. Barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya fusata shi, hannunsa na karkarwa in ya ɗauki moɗa. Ina gani, na san dalili, na yi shiru. Wace irin mace ce ke yin haka? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Bai faɗi a gida ba. A fadama ya faɗi, da hantsi, yana cirar ciyawa cikin shinkafa, ruwa har ƙauri. Ya kife da fuska cikin laka. Wani Bafillace da ya kawo shanu shan ruwa shi ya hango ƙafafu na shure-shure, ya bar dabbobinsa ya ruga ya ciro shi. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji hayaniya, aka shigo da shi a kan amalanke, laka a hanci, laka a baki, idanu sun kafe, rabin unguwa na biye. Kafin a sauke shi wata farfaɗiyar ta sake kama shi, ta sake shi, wata ta sake kamawa, abin da bai taɓa yi ba tun da nake da shi. Inna ta faɗi tana salati. Disfensa ya zo da gudu ya yi masa allura. Da abin ya lafa ya ja ni gefe ya ce, “Gaya mani gaskiya, ya yi fashin shan ƙwaya? Irin wagga ba a yanke ta kai tsaye, tana iya kashe mutum.” Na dubi idon mutumin nan na ce, “Ko sau ɗaya bai yi fashi ba, ni ke ba shi da hannuna.” Ya girgiza kai ya ce to lallai ciwon ya fi ƙarfin maganin. Ya zauna ya rubuta haka, ya buga hatimi.

Ga shaidar da nake nema ta samu. Ku ji abin da na saye ta da shi. A ranar na mayar da ƙwayar gaskiya, amma gari ya riga ya gani. Aka aiko daga sito cewa ya huta tukuna, ba a barin mai faɗuwa da makulli, kuma har yau ba a sake kiransa ba. Maƙwabtan da suke haɗa akushi da shi a ƙofar gida kowa ya samu uzuri. A masallaci sai ya ga an bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Mutumin da ke fita da sassafe takalmi a goge, yanzu yana zaune a zaure ya zuba wa bango ido. Wata rana ya ce mini, “A bakin daga ban ji kunya ba. Yau yara na nuna ni da baki.” Sannan ya ce, “Ke kaɗai kika rage mani, ke da Inna.” Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa ya fi wannan. Inna ta tafi Gwashi wurin wani mai maganin gargajiya ta dawo da saiwoyi da turare, an ce mata kada a haɗa da na asibiti. Ta ce, “Ai mun gani, ƙwayar Nasara ta gaza. Yaro na sha kullum, ga shi an tsamo shi cikin laka.” Na ce, “Inna, a dai ci gaba da ita, a haɗa da addu'a.” Ta ce, “Ke ɗiyar nan, so kike sai ta kashe mani shi?” Shi kuma da na kawo masa ya ture hannuna a hankali ya ce, “Bari. Na bi dokarta kamar dokar soja, mi ta yi mani?” Na roƙe shi, na yi kuka, ya ƙi. Na daka ta na zuba a kunu, ya kurɓa ya ji ɗaci ya ajiye, yanzu ma a ɗakin Inna yake karyawa. Kun gani? Maganin da bai taɓa cin amanarsa ba shi ya ɗauki laifina. Yau kusan mako ke nan ba ya sha, kuma jiya na ga hannun ya fara karkarwar nan da na sani.

An sa mana ranar komawa gaban bod a watan gobe. In na yi shiru, mai yiwuwa ya faɗi a gabansu su gani da idonsu, mu samu abin da muka sha wahala a kai, wanda kuma Allah ya sani haƙƙinsa ne, don ba a gona ya samo ƙarfen nan ba. Amma wa ya ba ni tabbacin zai kai watan gobe? In a bakin gulbi ta kama shi fa, ko a bayan mota tsakanin Anka da Gusau, inda ba disfensa ba allura? In kuma likitocin suka gaskata takardar suka ɗora shi kan magani mai ƙarfi wanda ba ya bukata? In na faɗa masa gaskiya zai koma shan ƙwayarsa, wannan na tabbata. Amma na san mijina. Zai je da ƙafarsa ya gaya wa disfensa ya janye abin da ya rubuta, in hafsoshi suka tambaye shi zai faɗa musu komai, afil ya rushe, ga aiki ya tafi. Kuma da wane ido zai dube ni, ni da na sa gari ya ga tsiraicinsa? Inna kuwa ba za ta bari in ƙara kwana a gidan ba, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. In na tafi, wa zai riƙa kula da shi?

Na yi tunanin in je wurin disfensa ni kaɗai in faɗa masa, ko zai san dabarar da zai shawo kan Kofur ba tare da ya tona ni ba. Sau biyu ina kaiwa ƙofar asibitin ina juyowa. Shi ma na sa shi ya sa hannu kan ƙarya, in ya ji zai rufa mini asiri ne, ko zai tsorata da aikinsa? Na yi istigfari har bakina ya gaji, amma na san tuba ba ta cika alhali wanda na cuta yana zaune a zaure yana sa mini albarka.

Don Allah malamai, da ma'aikatan asibiti, da tsofaffin sojojin da suka san yadda bod ke aiki, da matan da suka taɓa jinyar miji, ku taimake ni. Akwai hanyar da likitoci za su gane ciwon nan a jikin mutumin da ke shan magani, ba sai ya faɗi a gabansu ba? In akwai, wa zan tambaya? In fara da disfensa, ko in durƙusa gaban mijina in faɗa masa da bakina, in ya so duk abin da zai biyo baya ya biyo? Yanzu haka ina jin motsinsa yana neman fartanya, ya ce zaman ya ishe shi, gobe da safe zai koma fadama.

Jama'a, me zan yi?