Hamdiya, Ɗiyar Tsoho

Gazawa, ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Ilyasu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Basira da yara. Ya mutanen Gidan Rumji, ya kasuwar hatsi? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke gardama da ni.

Na rubuto ne don in na kira ka a salula faɗa zan yi har maƙwabta su ji.

Ran da Hamdiya ta dawo daga Maraɗi ta ce ita ta zo ta ɗaya a gasar wasan bidiyo, kuma za a kai ta Yamai, sai da na tashi na taka rawa ba sanda. Babu wanda ban shaida wa ba a ƙofar masallaci. Yau ga ta kwance a ɗaki ta ƙi cin tuwo, kuma kai ne sanadi.

Masu gasar sun ce yarinya ce, sai da izinin uba. Suka kira ka, suka tambaya ko kai ne mahaifinta, ka ce a'a, ɗiyar tsoho ce, ka kashe waya. Haba Ilyasu! Na san kana zaune cikin manyan kasuwa, na san kunyar ɗan fari, mu muka koya maka ita. Amma ma'aikacin buro, wato ofishinsu, abin da ya ji shi ya rubuta: uba ya ce ba tasa ba ce. Na ce ni zan sa hannu, suka ce sunanka ne a takardar haihuwarta. Yanzu suna shirin ba wani wurinta.

Ba ka san abin da kake neman kashewa ba, don ba a gabanka ya tsiro ba. Bayan an yaye ta kun kawo mana ita, lokacin ina zuwa karatun manya na yamma a lakol, ba ta yarda in fita ba ita. Don kada ta dame mu da kuka, sai in miƙa mata 'yar salulata mai tocila. Akwai wani maciji a ciki, yana cin ɗigo yana ƙara tsawo. Ni ina fama da baƙaƙe, ita tana kiwon maciji. Kafin in iya rubuta sunana, macijinta ya cika fuskar waya. Kullum batir a mace, kakarta Tala tana mita wai na lalata yarinya.

Daga baya Chindo mai cajin waya a tasha ya sa tele da wasan ƙwallo na bidiyo. Samari suka ce ba a ba mace. Na shimfiɗa buzuna a ƙofar shagon, na ce ba ni tashi sai an ba amaryata abin dannawa. Sai da aka ɗora ta kan buhun gyaɗa don ta hango, ta ci ɗan Chindo har ya fashe da kuka. Tun ran nan ba ta daina ba, kuma bai hana ta daka ko karatun lise, babbar sakandare, ba.

Ka hau mota ka tafi Maraɗi kafin Juma'a. In kunyar ta fi ƙarfinka, ka rufe fuska da rawani, amma ka je.

Ka gaida Basira, ban da ita a fushin nan.

Mahaifinka,
Rabo

Gazawa, ranar Asabar

Ɗana Ilyasu,

Sallama da fatan ka koma gida lafiya. Ya gajiyar hanya?

Har yanzu ina da saura da kai. Ka zo har Maraɗi, ka kasa ƙarasowa Gazawa don tsoron bakina. To, bakin yana nan yana jira.

Hamdiya ta ba ni labari. Ta ce ka shiga buro kana duban ƙasa, zufa har ta jiƙa maka hula. Da aka ce ka faɗi sunan ɗiyarka, sai da ma'aikacin ya soma rufe biro, sannan ka faɗa a hankali. Wurinta ya dawo, Laraba za su tashi.

Na zaci zancen Yamai za ta cika ni da shi. Ko kusa. Tun jiya abu ɗaya take maimaita wa kakarta: wai ashe haka sunanta yake a bakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka mai murna,
Rabo