Ruwa Bisa Abacada

Jiratawa, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Maman Lawali,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tuna kai ka taho nan da kabu-kabu kana bin mu lambu-lambu mu zaɓi Abubakar Sadiq, abokinka na lakwal tun kuna 'yan boko, shugaban ƙungiyarmu ta masu noman rani. Na ba shi ƙuri'ata. Yau kwanansa arba'in a kan kujera. Ya shafe biro, ofishin ƙungiya, da fenti, ya sallami tsohon mai gadin pampo, sannan ya ce an daina rabon ruwa bisa jerin gonaki, sai bisa abacada, wai don kada a ce ya fifita kowa. In kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki, pampo ya tsaya, gobe a koma kan A. Sunana ka san shi. Kwana tara ruwa bai shiga albasata ba, bakin ganyen ya fara ƙonewa. Mi ka gani?

Yayanka, Zakariya'u

Sabon Gari, Maraɗi, ranar Laraba

Yaya mai daraja,

Gaisuwa da ladabi. Na karanta takardarka a rumfa, raina ya ɓaci, har na kori mai ciniki. Amma kwana arba'in, Yaya, ko buhun albasa ba a yanke mashi hukunci daga na saman baki. Fenti ya yi kyau, an faɗa mini. Mai gadi kuwa kai ma ka sha kuka da barcinsa. Abacada ce dai Abubakar ya kwaso daga lakwal, inda shi kullum ake fara kira, mu 'yan M muna hamma. Na same shi a wani suna a Tsibiri, na ja shi gefe na raɗa mashi abin da ya dace, ya ce zai duba.

Kafin ya duba, ga dabara. A takardar Nasara sunan uba ke gaba. Je ka wurin sakatare ka ce kuskure aka yi, kai Abdulrazak Zakariya'u ne. Ba ƙarya ka yi ba, Baba ne ya wuce gaba kamar yadda ya saba. Har shugaban kansa sai ya biyo bayanka.

Ƙanenka mai biyayya, Maman

Jiratawa, ranar Asabar

Maman,

Bayan gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Sakatare ya dube ni ya ce gyara sau ɗaya ake yi, na sa hannu a kan haka. Na ji kunya da aka kira sunan Baba a bakin kanal ɗin ruwa na amsa, Inusa maƙwabcina yana tambaya ko marigayi ya dawo ban ruwa. Ruwa dai ya shiga sau ɗaya, rabin gonar ya farfaɗo. Jibi akwai taro, shugaba zai yi jawabi.

Yayanka

Maraɗi, ranar Talata

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Labarin taro ya riga ka isowa kasuwa. An ce shugaba ya miƙe ya ce ya ji kukan talakawa, daga yau har ƙarshen rani za a fara daga Z a gangaro, aka yi ta tafi. Kafin wani ya faɗa maka gara ni in faɗa: abin da na raɗa mashi a Tsibiri ke nan. Wallahi ban zaci zai ji ba. Shekara talatin na san shi, bai taɓa ɗaukar shawarata ba, shi ya sa na yi maka dabarar sauya suna. In an bi gaskiya, mutumin yana saurare, wanga ba ƙaramin abu ba ne ga shugaba. Zan taho Juma'a in ga sakatare, na san yadda ake magana da irinsu.

Ka gafarce ni, Maman

Jiratawa, ranar Alhamis

Maman,

Kada ka wahalar da kanka da sakatare. Jiya na buɗe wa awakin Inusa gonar, tunda ruwa ba zai iso A ba bana. An kira Zakariya'u da safe, na farko, don an manta ba a goge tsohon sunan ba. Ina tsaye a wurin, ba ni da ikon amsawa.

Ka gaida iyali.

Abdulrazak