Lamba Shida a Wayar Yaya

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Umma tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Wata takwas ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda. Maganar aiki ce. Manhajar da muke buga takardu da ita a ofishin marigayi Baba ta kulle tun Alhamis. Lasisin shekara ya ƙare, na sabunta, amma kwamfutocin nan biyar duk sun yi kememe. Takarda tana buɗewa, sai dai ido, ko wasali ɗaya ba a iya ƙarawa. Kowacce ta kafe sai an sa mata lambar sirri mai alƙaluma shida, lambar kuwa wayarka ake tura wa, don kai ka yi rajistar. Mu da wautarmu, shekara bakwai ba wanda ya taɓa tambayar da sunan wa abin yake. Da ta yi gardama sai a ƙwala maka kira daga ɗakin baya, shi ke nan.

Takardun jarrabawar makarantar nan ta bayan asibiti suna hannunmu, Litinin mai zuwa za su karɓa. Lambar kuma minti goma take yi ta mutu. Don girman Allah ranar Laraba da ƙarfe goma ka ɗaga. Ba sai ka amsa gaisuwata ba, ka karanto kawai ka kashe.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yaran? Allah ya sa ƙaramar ta bar tarin nan.

Jiya tun tara da rabi ina zaune da waya a hannu. Na kira sau huɗu, tana ta ringi har ta gaji.

Sai na kira kamfanin manhajar. Awa guda suna sa min kiɗa a kunne, daga ƙarshe wata mai zaƙin murya ta ce sai mai rajista da kansa. Kawu ya karɓe wayar ya shaƙe murya wai shi ne kai. Aka tambaye shi ranar haihuwarka, ya faɗi tasa! Da a ce kana nan da ka yi dariya har da hawaye. Ni kam ban iya ba. Sakatarenmu, dattijon nan, ya zaro tafiretar Baba daga saman kabad, ya kaɗe ta, yini guda shafi uku ya yi, harafi biyu ba sa fita.

Matar ta ce akwai hanya mai sauƙi: ka shiga daga inda kake, ka mayar da rajistar sunana, ka cire naka. Na rubuta maka ne don kada ka ji a wani wuri, amma ina roƙonka kada ka yi haka.

Bari in faɗi gaskiya, na gaji da haɗiye ta. Ranar da na ce maka ofis ba ya bukatarka, a gaban Kawu da masu jiran aiki, bakina ne ya riga hankalina. Ka makara, aiki ya taru, raina ya ɓaci, amma wannan ba hujja ba ce. Kai ka koya min inda ake ɗora yatsu a kan madannai. Na yi kuskure, Yaya, ka yafe min.

Gurbi biyar lasisin yake da shi, na biyar naka ne. Tun tafiyarka Kawu yake min mita in ba sabon ma'aikaci, na ƙi. Teburinka na bakin taga yana nan, da kofinka mai tsagaggen hannu. Kuma tun Alhamis ɗin can sau goma sha tara na danna wurin aika lamba. Uku na farko don aiki ne. Sauran don na san duk dannawa sai wayarka ta motsa a aljihunka, ko ba ka so sai ka tuna da ni.

Ka zo ka sa lambar da hannunka. Ko a bakin ƙofa ka tsaya na yarda.

Taka har kullum,
Auta

Talata

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gida. Allah ya ƙara lafiya.

Na gode. Ranar Asabar da safe ina share ofis saƙo ya shigo wayata, wai yanzu ni ce mai rajista. Na danna, lamba ta zo, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, kafin Kawu ya gama shan shayi duk sun buɗe. Ya dinga sa maka albarka. Takardun jarrabawa sun fita jiya kafin azahar, ba kuskure ko ɗaya.

Da kowa ya koma kan aikinsa na buɗe jerin masu amfani da lasisin. Ni, Kawu, Sakatare, mai ɗaurin littafi. Layi na biyar fari fat. Ka yi aikin tsaf yadda ka saba, ko hoton nan naka mai hula a karkace ba ka bari ba. Na shige ɗakin firinta na kunna ta don kada a ji kukana.

Umma ta tambaya ko ka zo. Na ce kai ka gyara. Ta yi ta murna, wai dama ta san ba za ka bar mu ba, har ta sa an shanya katifar ɗakinka. Na kasa gaya mata sauran.

Kawu ya sake tado maganar sabon ma'aikaci. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ɗazu da la'asar, ban san lokacin da hannuna ya kai wurin aika lamba ba. Na danna na zauna jira kamar kullum. Sai na ji abu yana motsi a cikin jakata.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan yaran.

Ƙanwarka,
Auta