Gwangwanin Ƙasar Fadamarmu

Jarwal, Makka, watan Rajab

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina nan ina tuƙa wa alhazai tuwo a gidan abincin Hajiya Suhaila. Kuka da daddawan da ka ba Malam Abdulƙadir da ya zo umara sun iso.

Na ga inda ka ce Sadisu ɗan Baffa ya biya kujerar Hajji bana, har kana yi masa murna. Kai dai Hadi zuciyarka kamar ta Inna, ba ta riƙo. Ni tawa tana riƙo, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ka manta ne? Damina biyu ke nan da ya yi wa masararsa ta tudu feshin maganin ciyawa, ya ninka abin da aka ce a zuba don ƙyashin biyan 'yan noma, ya gangaro ya wanke tankin feshin a tafkin Baba. Da yamma ruwa ya sauko, ya kwashe maganin ya juye a fadamarmu. Kai ka rubuto mini cewa shinkafar Inna ta ƙone tsaye, kifi ya taso ciki sama. Da rani kuka dasa albasa da tumatir, ƙasar ta ƙi karɓa. Inna ta ce mini a waya ta daina jin kukan kwaɗi, na san hawaye take yi. Matar da ke rabar da albasa a kwando, yau ita ce ke aike a sayo mata a kasuwa.

Bayan duk wannan kuma ya turo a tambaye ku ko za ku sayar masa, tunda wai wurin ya mutu. Wanda ya kashe shi ne zai zo ta'aziyya da tayin gado. Ko taku ɗaya ban yarda a sayar ba.

Ka ɗebo mini ƙasa daga bakin da ruwansa ke shigowa, ka ƙulle a leda ka ba duk mai zuwa. Kada ka tambaye ni dalili.

Ka gaida Inna da matarka.

Yayarka,
Amatullahi

Jarwal, watan Shawwal

Ƙanena Hadi,

Sallama da fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Ƙasa ta iso. Na zuba ta a gwangwanin madara, na cika wani gwangwanin da ƙasar lambun Hajiya Suhaila da ke unguwar Zahir, na shuka wake a kowanne, na jera su a saman bene. Ruwa ɗaya nake ba su. Na Hajiya har ya fara neman abin naɗewa. Namu ya fito kamar abin kirki, sai ganyen ya soma rawaya daga gefe, ya bushe, ya kwanta. Na sake shukawa, haka aka yi. Maganin yana nan kwance a ƙasar, bai je ko'ina ba. Hajiya ta ce wai na haukace, halas, ya isa haka, in zubar. Na ce mata shaidata ce.

Ka ce Sadisu ya fara zagayen neman yafiya gida-gida kamar yadda maniyyata ke yi, ya durƙusa gaban Inna, ta yafe. Na san za ta yi. To amma Inna tumuni gare ta a fadamar, tumuninta ta yafe. Kai ma na ji ka yafe naka, Allah ya ba ka lada. Saura nawa kason, kuma shi a hannuna yake.

Ka yi daidai da ka ba shi lambata. Jarwal ba ta ɓata wa Bahaushe, ya zo.

Taka,
Amatullahi

Jarwal, bayan Hajji

Ƙanena Hadi,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Mun gama hidimar alhazai lafiya, sai gajiya.

Sadisu ya zo. Ana gobe za a hau Mina ya shigo cikin haraminsa, ya rame, kansa duk furfura. Ba zan ɓoye maka ba, da na gan shi sai da na tuna lokacin da yake goya ka zuwa tafki. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, don baƙon Allah ne, ba a hana shi abinci. Sai da ya wanke hannu ya fara.

Ya ce bai san magani yana tafiya ba, mai sayarwa ya ce masa inda aka fesa nan yake tsayawa. Na ce na yarda bai sani ba ranar feshi. Ranar da ya turo tayi fa, ita ma bai sani ba? Ya sunkuyar da kai. Na tuna masa cewa a ƙasar da yake zaune yanzu ko ciyawa ɗaya ba a yarda ya tsinka ba, shi da ya kashe fadama guda. Ya roƙe ni don darajar Ɗakin Allah kada ya tsaya a Arfa da haƙƙina a wuya.

Na hau bene na sauko da gwangwanin ƙasar fadamarmu, na ɗora masa a hannu da ƙwayar wake. Na ce ya shuka, ranar da ya yi fure ya dawo in yafe. Haka ya tsaya a Arfa da haƙƙina.

Jiya ya dawo, ana jibi jirginsu zai tashi. Ashe tun da suka sauko daga Mina yake ba shi ruwan zamzam safe da yamma a tagar masaukinsu, har abokan ɗakinsa na yi masa dariya. Waken ya fito, ya yi rawaya, ya kwanta. Ya ajiye gwangwanin a gabana yana kuka kamar yaro. Hajiya Suhaila ta ce haram alaiki, ki ji tsoron Allah, ki yafe. Na ji tausayinsa, Hadi, wallahi na ji. Amma da na dubi busasshen ganyen nan, muryar Inna na ji tana cewa kwaɗi sun yi shiru.

Na mayar masa da gwangwanin na ce ya kai gida ya juye inda aka ɗebo, ƙasar Baba ce, ba ta kwana a wani wuri. Ka tabbatar ya juye a gabanka.

Daga bana, duk damina ka shuka wake a bakin da ruwansa ke shigowa. Shekarar da ya yi fure, ka je har gida ka ce masa Amatullahi ta yafe. Kafin nan ku kira shi Alhaji, ni Sadisu na sani. In kuma rai ya yi halinsa waken bai yi fure ba, to mu haɗu a can.

Ka ce wa Inna ta yi haƙuri da ni.

Yayarka,
Amatullahi