Baƙarar Baba a wayar aiki

Litinin, 10 ga Fabrairu
Juma'a zan mayar da wayar aiki, gidan tsofaffin da nake aiki sun sauya mana sababbi. Wouter mai kula da na'urori ya ce za a goge komai. A cikinta karatun Baba yake, Baƙara gaba ɗaya, awa biyu da rabi. Na ɗauka ne a ɗakinsa a nan Utrecht, wata guda kafin ya rasu. Laifina ne da na ɗauki abin gida da wayar mutane.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na gwada tura wa ƙanena Mimoun a Antwerp, ta ƙi, wai ya yi nauyi. Manhajar ta ce za ta yanka shi rabin awa rabin awa. Na duba yankan farko, tsakiyar aya ya faɗa. Na fasa. Mimoun ya ce, "Yaya Drifa, waya ba ta yi makarantar allo ba, ki yafe mata."

Laraba, 12 ga Fabrairu
Wouter ya nuna mini yadda zan yanka da hannuna inda na ga dama. To, akwai wani wuri. Bayan awa ɗaya da minti goma Baba ya tsallake aya, na gyara masa. Shi da ya ɗora ni a kan karatu! Ina ganin in cire wurin, in rufa masa asiri. Amma in na cire, na ba 'yan'uwana sura mai giɓi ke nan.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Ba kuskurensa nake son ɓoyewa ba. Muryata ce. Na dawo aiki a gajiye ranar, na ɗaga masa murya kamar ina yi wa ɗalibi. Kullum nan nake kashewa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Da kebul muka juye karatun cikin kwamfuta, ɗungurungum. Wouter ya ce ban yanka ba? Na ce a'a. Daga can muka tura wa Mimoun, na miƙa wayar.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Mimoun ya kira yana dariya, wai har a gadon ciwo ban ƙyale tsoho ba. Sai ya ce na ji abin da ya biyo baya kuwa? Na ce ban taɓa wucewa ba.

Na saurara bayan la'asar. Tari, ƙarar kofin shayi, sannan Baba a hankali: "Alhamdu lillahi, akwai mai kama ni a gidan nan." Ya maimaita ayar daidai.

Na bar shi har ƙarshe. Ban san lokacin da na fara bin sa da baki ba.