Ruwan Batir a Bakin Safiya

Talata, bayan isha'i

Da ƙyar 'yata Safiya ta yi barci, kumatunta ya kumbura suntum saboda haƙorin nan da ya ruɓe.

Da la'asar na dawo daga kai niƙa, na tarar surukata Inna ta danne ta a cinya, Sale ƙanin mijina Malam kuma yana riƙe da murfin kwalba da auduga. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Ruwan batir ne, Yaya. Ɗigo ɗaya zai kashe tsutsar haƙorin." Ban san sanda na buge hannunsa ba. Inda ruwan ya fallatsa a zanena har ya ɓule. Abin da za su ɗiga wa 'yar shekara huɗu a baki ke nan!

Inna ta ce na raina ta a gaban ɗanta, wai haƙorin yarinta ne, dama zubewa zai yi. To wa yake cika wa yarinyar hannu da alawa kullum? Ranar da na fara goge mata baki da asuwaki, dariya suka yi mini.

Malam ya dawo daga gona, bai ko leƙa bakin 'yarsa ba, ya ce in je in ba Inna haƙuri. Na je, na durƙusa, na bayar. Da na dawo na shimfiɗa masa zanen a gabansa, na ce gobe motar farko ta Tsanyawa da mu za ta tashi, asibiti za mu.

Ya daɗe yana kallon ɓular. Sannan ya ce babur ya fi sauri, shi zai kai mu.